Layin da Kawu Bai Sa wa Jan Biro Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma komawa take, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa a Safana, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ni ban samu jana'iza ba. Na iso daga Katsina bayan la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta, maza sun cika tabarmin ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida har bakin madafa.

Kwana uku na yi a zaman makoki ina sauraron abin da mutane ke faɗa. Bangon zauren ba shi da kauri, maganar maza tana shigowa ciki tsaf. Duk wanda ya zo sai ya ce marigayi mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan na ƙarshen ƙarya ce, don an ji kansa da yayansa har a ƙofar masallaci, amma wanda ya mutu ba ya tashi ya yi musu. Wani dattijo ya tambaya wane malamin ne ya rasu, aka ce masa ai mai shanun kwamfuta ne. Na ji dariya ta taso ta maƙale a wuyan mutum uku ko huɗu, kafin wani ya yi sauri ya ja Fatiha. Maƙwabcinmu na gona a ƙauyen Babban Duhu, wanda aka kore wa shanun huɗa bara, sai maimaitawa yake yi cewa da sun sani da sun ji maganar Malam. Na so in leƙa in tambaye shi wa ya toshe musu kunne, sai na tuna ni ma akwai tambayar da ke jirana.

A rana ta uku wani tsohon Bafulatani, aminin Kawu tun suna samari, ya shigo gai da Inna, matar Kawu. Ya tsuguna daga nesa, ya yi gaisuwa doguwa yadda ta kamata, sannan ya waiwayo ya dube ni. Ya tambaya ko ni ce wadda marigayi ke kira Uwata. Na ce ni ce.

"Ya jira ki," in ji shi. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ba na so abin da zai saura na Kawu a bakin mutane ya zama laƙabin zolaya da dariyar da aka haɗiye a zaure. Ina so a san abin da ya yi niyya, da abin da ya hana, ko da sunana ne zai fito a ƙarshe.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Uwata yake cewa, a gida da waje. Shi ya koya mini lissafi a firamare lokacin yana koyarwa a Zakka, kuma in yana kiran rajista, ya zo kaina sai ya yi shiru, ya ɗaga kai, ya gan ni, ya yi alama ya wuce. 'Yan aji suka yi ta tsokanata cewa ni ba ni da suna.

Jan biro ba ya barin aljihun gaban rigarsa. Babu takardar da ta tsira daga gare shi. Katin ɗaurin aure in an kawo masa sai ya gyara ƙa'idar rubutu kafin ya duba ranar. Takardar asibiti ma ya taɓa ja mata layi. Amma littafina bai taɓa ganin jan bironsa ba. In an tara littattafai sai ya zare nawa ya miƙa wa malamin ajin da ke kusa ya duba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce wane ɗa ne zai ja wa uwarsa layi. A lokacin na ɗauka gata ne, har ina hura hanci.

Bayan ya yi ritaya ya dawo Safana da zama, gonarsa kuma tana Babban Duhu. Ni na gama karatun kwamfuta na samu aiki a Katsina, sai na ba shi tsohuwar kwamfutata ta hannu, ina tsammanin karatun Alƙur'ani zai riƙa saurare da ita. Ashe na ba mai neman kuka jifa. Wata biyu bayan nan ya kira ni ya ce in buga masa takardun koyon yaren kwamfuta na Python, na 'yan farko, wanda ake gina taga da maɓallai a kan allo da shi.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yankinmu a waɗannan shekarun. Ana kore shanu. Wani lokaci Allah kan sa a ƙwato wasu, a tara su a fili, a ce masu su zo da shaida. Mai saniya ya san saniyarsa kamar yadda ya san ɗansa, amma "na san ta" ba shaida ba ce in mutum uku sun faɗa a kan saniya ɗaya. A nan mai baki ke tafiya da dabbar mai gaskiya. Kawu ya ce zai yi wa kowace saniya hoto, gefe da gefe, da yankan kunne, da tambarin wuta, da yanayin ƙaho, da sunan mai ita. Tunda yawancin masu shanu ba su yi boko ba, sai ya ce maɓallan ba za su zama rubutu ba. Hoton saniyar ne zai zama maɓalli, mutum ya ga tasa ya danna, bayaninta ya fito. Abin da ya rage shi ne mutane su yarda su kawo shanunsu a ɗauka, kuma wannan ne mai wuyar, don kowa na tsoron a san yawan abin da ya mallaka, labari ya kai inda bai kamata ba. Sai sun ga abin da idonsu za su yarda.

Wuta ba abin dogaro ba ce, ƙaramar solarsa kuma ba ta ba shi fiye da awa biyu. Don haka a littafin makaranta yake rubuta kod ɗinsa, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, da shuɗin biro, ya bi shi layi-layi da ja kamar aikin ɗalibi, sai ya gamsu sannan ya buɗe kwamfuta ya buga. Inna ta ce har "Ka sake" yake rubuta wa kansa a gefen shafi. Ranar da taga ta fara buɗe masa ya kira ni ina tsakiyar aiki, muka yi gaisuwa ta kusan minti biyar, ya tambayi lafiyar kowa har mai gadin ofis, sannan ya ce, "Uwata, taga ta buɗe." Babu komai a cikinta, farar taga ce kawai, amma muryarsa kamar an yi masa haihuwa.

Ya sha wahala da maɓallai. Akwai wani da ya yi wanda ke aikinsa tun ba a danna shi ba. Da an buɗe manhajar sai bayanin saniya ya faɗo, in kuma an danna shi daga baya sai ya yi kunnen uwar shegu. Kawu ya ce irin yaron nan ne mai amsa tambaya kafin malami ya gama yinta. Mako uku ya yi a kansa kafin ya gano baka biyu ne ya ƙara a inda bai kamata ba. Sai hotunan waya suka ƙi shiga, ya gano sai an sauya musu nau'i, ya zauna ya sauya su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana kuma ya matsar da foldar da hotunan ke ciki, manhajar ta ce ba ta san inda hotuna suke ba. Duk waɗannan shi kaɗai ya warware su. Yakan ce kwamfuta ba ta ƙarya, amma ba ta da kara. Hanyarsa ta neman kuskure kuwa a wurin amininsa ya koya, bin sawu. In dabba ta ɓace, ka koma inda ka yi mata ganin ƙarshe, ka fara daga nan.

Yayansa, wanda muke kira Kawu Babba, limami ne kuma yana da Islamiyya. Bai taɓa son aikin ba. Ya ce dattijon da ya kai shekarun Kawu carbi ya kamata a gani a hannunsa, ba tara hotunan masu rai a ɗakin da yake salla ba. Kawu ya tambaye shi, a gaban mutane bayan an fito masallaci, ko da wane hoto aka bar shi ya hau jirgi ya je Makka. Wata biyu suka yi gaisuwarsu ba ta wuce ina kwana ba. Kawu Babba ya hana a ɗauki saniyarsa guda da yake kiwo a bayan gida. A ranar jana'iza an ce shi ya fi kowa kuka, har ya kasa jan sallar, sai wani ya ja.

Wanda ya fara yarda shi ne aminin nan nasa. Ya bar Kawu ya kwana biyu yana bin garkensa da waya, saniya ta juya ya bi ta, ta zauna ya jira ta. Gidaje kaɗan suka biyo baya. Da waɗannan hotunan Kawu ya gina manhajarsa, kuma ta yi aiki. Na gani da idona da na je Babbar Salla. Shanu ne jere a kan allo, ka danna Wule mai farar fuska bayaninta ya fito, ka danna Gajera nata ya fito.

A nan ne na zuba nawa. Na ce ya nuna mini kod ɗin. Sai na ga kowane hoto ya ba shi layinsa, da sunansa na kansa, sunan da mai saniyar ke kiranta da shi, shafi bayan shafi. Na yi dariya. Na ce wannan ai aikin 'yan koyo ne, kamar horon da yake ba mu na rubuta jimla ɗaya sau ɗari. Na ce ƙwararru fankshan suke yi, wato ɗan gajeren umarni guda da zai ɗauki kowane hoto ya yi masa maɓalli, ba sai an sa wa kowanne suna ba. Na karanta masa layi biyar da ka, ya rubuta a littafinsa yana gyaɗa kai. Ban gwada ba, batir ya riga ya mutu, ni kuma ina sauri in kama hanya da sauran rana. Ya rako ni har tasha yana gaya wa duk wanda muka haɗu da shi cewa Uwarsa ta rage masa aikin wata guda.

Mako biyu bayan nan mai unguwa ya tara masu shanu a Babban Duhu bayan sallar Juma'a don Kawu ya nuna musu. Wannan taron ya yi wata shida yana nema. Makon hadari ne, sola ba ta ja ba. Ranar Alhamis ya buga layukana biyar, ya goge nasa masu yawa, ya ƙara sababbin hotuna, batir ya ɗauke kafin ya gwada. Da safe ya kai caji shago a Safana, ya ɗauko, ya hau babur. Mutumin da ba ya yarda da katin biki sai ya bi shi da biro, ya tafi gaban jama'a da abin da bai gwada ba, don daga bakina ya fito.

Aminin nasa yana wurin, shi ya ba Inna labari. Kawu ya ɗora kwamfutar a kan turmi, dattawa suka matso. Taga ta buɗe, maɓallai suka jeru kowanne a mazauninsa, amma babu hoto ko ɗaya, sai murabba'ai masu launin toka. Ya danna, ba su motsa ba. Babu wani saƙon kuskure da zai kama. Ya kashe ya kunna, haka. Sai maƙwabcin nan namu, mai shanun huɗa, ya ce, "To, Malam, har cikin kwamfutar ma an biyo su an kore?" Wuri ya ɗauki dariya. Kawu Babba ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Kawu ya rufe kwamfutar, ya ba jama'a haƙuri, ya roƙi a ba shi mako guda. Babu wanda ya sake zuwa, kuma daga ranar ya zama mai shanun kwamfuta.

Ya kira ni da yammacin ranar. Bai gaya mini an yi masa dariya ba, cewa kawai ya yi hotuna sun ƙi fitowa. Na ce ya duba folda. Bayan kwana biyu ya ce ya duba, lafiya lau. Na ce ya duba nau'in sababbin hotunan. Ya sake sauya su duka, har tsofaffin. Na ce ya ɗauki hoton allo ya turo mini, sabis ya ƙi, da hoton ya zo kuma bai fito sosai ba, ni kuma ban ce ya sake ba. Tambayar farko da ake yi wa kowane ɗan koyo ita ce, me ka canza kafin abin ya lalace. Ban yi masa ita ba. A kira na huɗu ko na biyar shi da kansa ya rufe ƙofar wannan tambayar.

"Naki dai lahiya lau yake, Uwata," ya ce. "Laihin daga wajena ne, shi nike bi ma sawu. In kin samu sarari ki zo mu duba tare."

Na ce zan zo ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo na ce hanya ba ta da kyau. Gaskiya ne hanyar ba ta da kyau, kowa ya sani, amma a cikin watannin nan na je biki har Zariya. Abin da ban faɗa ba shi ne aikin ya gundure ni. Manhajar tsoho ce, ta ƙauye, ta shanu, ni kuma ina ganin kaina babbar ma'aikaciya. Yakan kira in ga sunansa a waya in bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji.

Da kaka aka kore shanu a gefen Babban Duhu, har da na amininsa da bijimai biyu na maƙwabcinmu. Bayan wasu makonni aka ƙwato wasu aka tara su a Batsari. Kawu ya ɗauki kwamfutarsa ya je. Maɓallan ba sa aiki, amma hotunan suna nan cikin folda, sai ya buɗe su ɗaya-ɗaya, ga yankan kunne, ga tambari, aka ba amininsa shanunsa ba gardama. Maƙwabcinmu ya ga bijiminsa guda tsaye a fili, ya kira shi har ya waiwayo. Wani mutum ya ce nasa ne, ya zo da masu rantse masa. Maƙwabcinmu ba shi da hoto, don bai kawo an ɗauka ba. Damina ta gaba da fartanya ya yi noma, rabin gonar ya bari.

Na ɗauka Kawu zai ce Allah Ya ƙara, ni da na faɗa. Inna ta ce da ya dawo ranar ko tuwo bai taɓa ba. Cewa ya yi da maɓallan sun nuna hoto ranar Juma'ar nan, da mutumin ya kawo shanunsa an ɗauka, don haka bijimin nan a wuyansa yake. Da wannan ya zauna har ya kwanta ciwo.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinsa da safe ta miƙo mini kwamfutar da littafin. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni. Na kunna, na buɗe kod ɗin. Ban yi minti biyar ba na gani. Shi wannan yaren yana da ɗabi'ar share duk abin da ba wanda ke riƙe da shi. A tsarin Kawu na da, kowane hoto yana da sunansa, sunan nan shi ke riƙe da shi. A nawa, duk hotunan suna ɗaya suke ara, kuma da fankshan ya gama aiki sunan ya tafi, sai a kwashe hotunan a zubar, a bar maɓalli fanko. Maganin layi ɗaya ne, a ɗaure kowane hoto a jikin maɓallinsa kamar yadda ake ɗaure dabba a turke. Kuskure ne da duk ɗan koyo ke yi, ni ma na yi shi a shekarata ta farko a makaranta, na manta. A waya ma da na faɗa masa cikin numfashi biyu.

Na buga layin, na kunna. Shanu suka cika allo. Ga Wule, ga Gajera, ga na amininsa jere. A can ƙasa akwai wata jar saniya da aka ɗauka a karkace ta saman danga, rabin hoton duk kara ne. Na danna, sunan Kawu Babba ya fito. Ashe ya laɓaɓa ya ɗauke ta a ɓoye, ko da wata rana. Inna ta dubi allon ta daɗe, sannan ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ni kuka bai zo mini ba, haushi ne ya cika ni, na mutanen zaure, da na kaina wanda ya fi.

Sai na buɗe littafin. Kowane shafi ja ne. Ya zargi kowane layi nasa, ya zagaye, ya sa alamar tambaya, ya rubuta "na duba" da kwanan wata, wani layin har sau huɗu. Shafi ɗaya ne kawai babu ɗigon ja a cikinsa, mai layi biyar. A samansa ya rubuta da shuɗi, "Na Uwata ne."

Na tambayi Inna ko bai taɓa tunanin komawa tsarinsa na da ba, tunda ga shi nan a rubuce a shafukan baya. Ta ce ita da kanta, da ba ta san komai a kai ba, ta ce masa ya koma wa wanda ke aiki mana. Ta ce ta taɓa shigowa da kunu ta same shi ya buɗe wannan shafin, ya cire murfin jan biro, ya riƙe shi a sama har kunun ya huce. Sannan ya mayar da murfin.

"Mi ya ce?" na tambaye ta.

"Cewa ya yi, in akwai gyara a nan, Uwata za ta zo ta yi da hannunta."

Kawu mai bin sawu ne, ya san inda ya yi wa shanunsa ganin ƙarshe. Sawun ya kawo shi har bakin ƙofata ya tsaya yana sallama, ni kuma ina ciki ban amsa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da kowane yaro da ya koya wa ƙirga da kowace saniya da ya bi da waya cikin rana. Allah Ya ba Inna da Kawu Babba haƙurin rashinsa. Mu da muka yi dariya da mu da muka ƙi ɗaga waya, Allah Ya yafe mana, in Kawu ya yafe.

Jan biron yana maƙale a bangon littafin. Na cire murfin, akwai sauran tawada. Na ja layi a ƙarƙashin layukana biyar, na rubuta "Ki sake" a gefe, kamar yadda yake yi wa kowa.